Fom Mai Lamba Hamsin da Biyu

Daga tasha, ranar Lahadi

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da aiki, da zaman birni. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Antinki tana gaishe ki, yara ma haka. Ƙaramar ta ce a gaya miki takalmin da kika kawo mata ya matse ta, amma ba za ta ba kowa ba.

Na san za ki yi dariya da ganin takarda. Kin dai san yadda muke. Waya a ƙofar tasha ake ajiye ta saboda iskar gas, a gidajen ma'aikata kuma sai mutum ya hau tudun bayan tankin ruwa kafin ya sami layi, kowa na jin abin da yake faɗa. Imel na kamfani ne. Direban bas ɗin ma'aikata yana shiga birni Litinin da Alhamis, kuma mutumin kirki ne.

Fom ɗin jin ra'ayin ma'aikata da kuka aiko daga hedikwata sun iso ranar Talata da ƙarfe tara da minti goma. Guda tamanin da huɗu ne, daidai yawanmu. Manaja ya ce ni zan raba tunda ni ne akawu. Na raba ta tagar ofishina, kowa ya cike ya jefa a akwatin da aka liƙe, direba ya tafi da akwatin ranar Alhamis. Ko ɗaya bai ɓace ba.

Maganar da kika yi a ɗakin cin abinci lokacin da kika zo ta shiga sa'o'inki sosai. Har yanzu suna maimaita ta: "Na ba ku kalmata, babu wanda zai san abin da wani ya rubuta." Akwai wanda suke kira Farfesa, mai gyaran bawul, wanda ba a gaya masa komai sai ya ce don me. Ya jingina da tagata ya ce, "Baba Agogo, tsakani da Allah, in na rubuta gaskiya ba za a gane ni ba?" Na ce ƙanwata ta ce ba za a gane ba. Ya ce, "Ƙanwarka ta ce. Kai fa me ka ce?" Na ce ya matsa, akwai mutane a bayansa. Yarinyar da ke kula da mitoci, wadda suke kira Sarauniya, ta karanta tambaya ta huɗu da ƙarfi: "Kana jin kamfani iyalinka ne?" Ta ce, "Ni dai a gidanmu ba a sabunta ni duk shekara." Kowa ya kwashe da dariya, don duk 'yan kwantiragi ne. Ni ban yi ba, ban kuma hana su ba.

Ina yawan tunaninsu. Shekara goma kawai na ba yawancinsu, amma Baba suke ce mini. Mu da muka shigo shekara goma sha tara da suka wuce, abin da aka koya mana shi ne ka miƙe in Manaja ya shigo, kada ka tashi aiki kafin motarsa ta fita, kada ka kai labarin da ba a tambaye ka ba. Su kuwa biyar na bugawa sun rataye hular kwano. Ba ragwaye ba ne, na gani da idona, aikinsu ya fi namu tsafta. Tsoro ne dai ba su iya shi yadda muka iya ba. Wata rana na ga su ne da gaskiya, wata rana na ga ƙuruciya ce. Ban tsayar da ɗaya ba.

Allon ƙofa yau yana kan 961. Kin san shi, wanda ke nuna kwanakin da aka yi ba hatsari. Ni nake canja lambar kowace safiya da bakwai saura ashirin. Ranar da ya cika dubu manya za su zo daga wajenku, an riga an fara fenti. Mai waldan da ya ƙone a damtse watan jiya an rubuta cewa a gida abin ya same shi, wajen kunna risho. Ni na buga takardar. Matarsa ta ce da Antinki ko ruwan zafi bai taɓa dafa wa kansa ba.

Akwai wani ƙaramin abu, wataƙila ba komai ba ne. Kowane fom yana da lamba a ƙasan shafi na baya, ƙanana ƙwarai, sai ka kai ido kusa. Kin san halina, ba na ba da ko biro sai na rubuta. Don kada wani ya ɓace a ce ni ne, na rubuta a littafina lambar da kowa ya karɓa, da sunansa. Sai da na gama na zauna ina kallon shafin. Ki gaya mini in na yi kuskure.

Ki gaida Inna in kin je. Allah ya tsare.

Naki,
Yayanki


Daga birni, ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida Anti, a ce wa mai takalmi ta yi haƙuri, babba na nan tafe.

Yanzu ka ajiye takardar nan, ka je ka yage shafin nan ka ƙona shi, sannan ka dawo ka ƙarasa karatu. Ina jira.

Ka dawo? Na san ba ka je ba.

Wallahi Yaya ban san da wata lamba ba. Mu nan a kwamfuta muka cike namu, na takarda tashoshi kawai aka kai wa, ban taɓa riƙe shi na juya bayansa ba. Jiya na tambayi ogar sashenmu, ta ce don kada mutum ɗaya ya cike sau biyu ne, kuma wani kamfani na waje ne zai buga amsoshin, ba wanda zai ga rubutun hannu. Na yarda da ita. Lamba ba ta da suna. Abin da masu tsarin ba su sani ba shi ne a duniyar nan akwai yayana, wanda ya rubuta ranar da haƙorina na farko ya faɗi da lokacin da ya faɗi.

Ba faɗa nake maka ba. Ni ce na tsaya gaban mutane na buga ƙirji. Wata takwas muka yi, mu 'yan kwamitin matasa, muna roƙo kafin a yarda a yi wannan tambayar. Ka ce ba mu iya tsoro ba? Mun iya mana. Namu dai a rukunin waya muke yin sa. A taro kowa na gyaɗa kai, ana fitowa saƙonni sun fara shigowa. Nan bene goma sha ɗaya ne, duk gilashi, kowane bango an manna hoton mutane suna dariya sanye da hular kwano mai sheƙi, hular da ko ƙura ba ta taɓa gani ba. Babban darakta ya ce ƙofarsa a buɗe take kullum. Gaskiya ne, a buɗe take. Sakatarensa ne ke zaune a bakinta.

Cikin mu tara da aka ɗauka tare, huɗu sun tafi. Wadda muke tebur ɗaya da ita tana da takardar ajiye aiki a rubuce a jakarta, kwanan wata kawai ya rage ta sa. Ni na zauna ne don na ga kamar za a iya gyarawa daga ciki. Kada ka sa na zama maƙaryaciya, Yaya.

Sakamakon zai fito mako mai zuwa, kowane manaja za a aika masa na tasharsa. Ka ƙona shafin.

Taka,
Auta


Daga tasha, ranar Lahadi

Assalamu alaikum Auta,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini jinkirin amsa, sau biyu na fara na yage. Kowa lafiya. Allo yana kan 975.

Ban ƙona ba. Na ɗauko littafin, na buɗe, har na kama gefen shafin. Amma littattafaina ashirin da uku ne a akwati, babu wanda aka cire wa shafi. Kuma a bayan wannan shafin na rubuta ranar da babban yaronmu ya ci jarrabawa. Na san wannan ba dalili ba ne. Na ce zan yi gobe.

Ranar Laraba Manaja ya zo taron safe da takardu a hannu. Kin san shi, bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa yaran suke kiransa Mai Murmushi. Ya ce ya ji daɗi ƙwarai da ma'aikata suka saki jiki. Ya karanta wasu amsoshin. Wani ya rubuta cewa taron safe ya fi aikin tsawo, ya yi dariya, muka yi. Wani ya rubuta cewa a daina kiransa ranar hutunsa, ya ce za a duba. Sai ya juya shafi.

Ya ce akwai fom ɗaya, mai lamba hamsin da biyu, wanda mai shi ya cika wurin ƙarin bayani har ya juya baya. Ya lissafa abubuwa bakwai da ya ce sun faru ba a kai rahoto ba, kowanne da rana da lokaci. Ƙunar mai walda. Faɗowar mai fenti daga tsani. Ƙararrawar layi na uku da aka cire wa waya don ta cika kuka. Sauran bai karanta ba. Ya ce, "Wannan ɗan'uwa namu yana cikin damuwa. Ina so na san shi don na taimake shi." Kusan kowa ya saci kallon Farfesa, don shi ne ya taɓa ta da maganar ƙararrawar a taro, watanni biyu baya. Farfesa ya ce, "Me kuke kallona? Na yi kama da mai haƙurin cika shafi biyu?" Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Alhamis aka cire shi daga layi aka kai shi sito. An ce ana bukatar mai ilimi ya tantance tsofaffin kusoshi. Mutumin da ke jin ciwon bawul da kunnensa, yanzu yana zaune kan bokiti yana ware masu tsatsa. Kwantiraginsa ƙarshen wata zai ƙare.

Ranar Juma'a da sha ɗaya da kwata Manaja ya leƙo ofishina. Bai taɓa shigowa ba. Na miƙe, ya ce na zauna, shi ya tsaya. Ya ɗauki abin huda takarda yana juyawa. Ya ce, "Malam Akawu, na san ka da tsari. Mutum irinka ba zai raba takarda tamanin da huɗu haka kawai ba." Na ce na raba su dai. Ya ce, "Ka rubuta?" Auta, kin san ban iya ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, idona ne ya tafi kan aljihun tebur. Ya bi idona da kallo. Ya ce babu gaggawa, zai je hedikwata kan shirin bikin, zai dawo Alhamis ta sama, na kawo masa littafin mu duba tare. Ya ce lamba ɗaya kawai yake so.

Lamba ɗaya ya ce. Amma shafi ɗaya ne, duk sunayen suna kai, kuma amsoshin kowa suna hannunsa. Na san aƙalla mutum goma sha ɗaya da suka rubuta abin da ba za a yafe musu ba.

Tun ranar na kai littafin gida. Jiya da na je karɓar takardun aiki a layi na uku na ji wari kusa da babban bawul, kaɗan, kamar ƙwai ya fara lalacewa. Mai fenti yana ta shafa wa bututun ruwan ɗorawa. Na tambaye shi ko yana ji, ya ce warin fenti ne. Wataƙila shi ne da gaskiya. Hancina ba na injiniya ba ne.

Ki ba ni shawara. Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanki


Daga birni, ranar Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa.

Jiya na sa aka buɗe mini amsoshin tasharku na karanta hamsin da biyu. An buga shi da inji, babu rubutun hannu. Na karanta sau ɗaya, na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

"Ranar Talata, ƙarfe goma da minti goma sha huɗu, in ban yi kuskure ba." Abu bakwai, "in ban yi kuskure ba" bakwai. A ƙarshe kuma mai rubutun ya ba da haƙuri in ya ɓata wa wani lokaci. Yaya, ni za ka ɓoye wa? A hannunka na koyi karatu.

Wasiƙa biyu ka rubuto mini, kana ba ni labarin takalmi da fenti. Na ji haushinka ƙwarai. Daga baya kuma na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar wawiya. Mu da digirinmu da surutunmu, abin da muka rubuta shi ne a rage taro, a gyara kofi, a daina kiranmu ranar hutu. Kai da ke miƙewa in an shigo, kai ka rubuta abin da aka yi tambayar dominsa.

Na kai wa daraktan kula da lafiyar aiki maganar ƙararrawar da ta warin. Ya saurare ni da kyau, har ya rubuta. Ya ce za a tura masu bincike da zarar an gama bikin kwana dubu, don kada a ta da hankalin baƙi. Na ce gas ɗin ya san da bikin? Ya daina rubutu. Da yamma ogarmu ta kira ni ta ce an gode da hidimata a kwamitin matasa, lokaci ya yi da wasu za su gwada. Manajanku na gan shi a bene na goma sha ɗaya, ya gaishe ni da fara'a, ya ce yayana mutum ne mai amana.

Ga shawarata, kuma ba na alfahari da ita. Ka ƙona shafin, ka ce ya ɓace, ka yi shiru. Kada ka ce kai ne. Manaja bai zarge ka ba, ba kuma zai zarge ka ba. Gidan da kuke ciki na kamfani ne, makarantar yara ta kamfani ce, asibitin da ake duba hawan jinin Anti na kamfani ne. Takardar sakandare gare ka, shekararka arba'in da uku. Farfesa matashi ne, yana da takardu, zai sami wani wuri. Mu haka muke, ba ma tsufa a ƙofa ɗaya.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Ni ce na ce musu na ba su kalmata. Ban goge ba, don har yanzu abin da nake so ka yi ke nan. Kai ne yayana, shi ba ƙanena ba ne.

Don Allah ka amsa da motar Litinin.

Auta


Daga tasha, ranar Lahadi

Assalamu alaikum Auta,

Na sami takardarki. Allo yana kan 982.

Ni ne. Ban yi niyya ba. Na karɓi nawa fom ɗin lokacin cin abincin rana, na yi nufin na sa alama a "na gamsu" daga sama har ƙasa kamar yadda na saba. Da na zo wurin ƙarin bayani sai na tuna ni na buga takardar risho. Na buɗe littafina don na tabbatar da ranar kawai. Daga wannan rana na koma wata, daga ita na koma wata. Ban san na cika shafi biyu ba sai da biro ya fara yankewa. Haka na jefa shi a akwati. Ban gaya miki ba don ina jin kunya, ban san ko kunyar rubutawa ba ce ko ta daɗewar da na yi ban rubuta ba.

Kin ce bai zarge ni ba. Haka ne. Mutum tamanin da uku, babu wanda ya kalle ni a taron nan. Shekara goma sha tara ina wurin, ko zargi ban isa a yi mini ba. Na yi ta neman na ji daɗin haka, ban samu ba.

Shafin ya tafi. Na gaya wa Antinki komai ranar Juma'a tana wanki. Ta saurara ba ta daina cuɗa ba. Da na gama ta ce, "Kawo littafin." Ta yage shafin da jiƙaƙƙen hannu ta tura shi ƙasan bokitin sabulu, ta ɗora rigunan makaranta a kai. Ta ce, "Sakamakon yaron na san shi, ba sai an rubuta mini ba." Ta ce kuma, "Da ka tambaye ni kafin ka zama jarumi."

Sai dai akwai matsala. Na kwanta na rufe ido, sai ga shafin. Ɗaya, mai gadin safe. Biyu, direban babbar mota. Goma sha bakwai, Sarauniya. Talatin, Farfesa. Har tamanin da huɗu, ban yi tuntuɓe ba. Abin da na rubuta da hannuna ba ya fita daga kaina, kuma Manaja ya san haka, don sau da yawa yakan tambaye ni kwanan watan takarda maimakon ya sa a nemo fayil.

Jiya na je sito da sunan karɓar ambulan. Farfesa yana kan bokitinsa, kusoshi tuli biyu a gabansa. Ya ce, "Baba Agogo, ka zo duba fursuna? Ka zo da lemo?" Na ce yaya aikin. Ya ce ya gano kamfani yana da kusoshi dubu huɗu da ba sa shiga ko'ina, kamar manajoji. Na ce ya rage murya. Ya ce, "Ka ga matsalarku ke nan." Na tambaye shi me zai yi in ba a sabunta shi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce duniya da faɗi.

Sai ya ajiye kusar hannunsa ya ce, "Ka san abin da ke ba ni haushi? Ba ni ba ne, kuma ina ma ni ne. Mu surutu muke da shi, ba mu da ranaku. Wanda ya rubuta abin nan ya daɗe yana gani. Ya ga na ɗaya ya yi shiru, ya ga na biyu ya yi shiru, har bakwai. Ban san ko na gode masa ko na zage shi ba." Na ce ambulan nake nema. Ya nuna mini kanta.

Da zan fita Sarauniya ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce kada na yarda da ɗaga kafaɗar nan. Wuri tara ya nema a shekarar nan, ba wanda ya kira shi, kuma duk inda zai je sai an nemi takardar shaida daga Mai Murmushi. Matarsa cikin wata bakwai gare ta. Ta ce, "Baba, kai ka raba takardun. Ba ka san komai ba?" Na ce aikina rabawa ne.

Na auna shawararki, na rubuta ta gefe biyu a takarda kamar yadda na saba. Gefenki ya fi tsawo. Babu abin da kika faɗa da ba gaskiya ba. Na bi ta layi na uku da zan dawo. An gama fentin, ya bushe. Warin yana nan.

Ki yi mini addu'a. Ki daina zuwa bene na goma sha ɗaya saboda ni.

Yayanki


Ranar Alhamis

Auta,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba. Ƙanen Antinki zai kawo miki wannan, shi za ki riƙa ba taki.

Na shiga wurin Manaja da tara daidai. Na ce shafin ya lalace a wanki. Ya yi dariya ya ce ba komai, ai Malam Akawu ba ya mantuwa, na faɗa masa da ka. Na ce na manta. Ya dube ni ya ce, "Duka?" Na ce saura ɗaya. Na ce hamsin da biyu nawa ne, kuma ban yi kuskure a ko ɗaya ba.

Bai yi fushi ba. Ya sa aka kawo mini shayi. Ya gode mini da gaskiyata. Sannan ya tambayi yara, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da ajin da yake. Ban san ya san su ba. Ya ce yara masu ƙoƙari, abin tausayi ne a raba yaro da makaranta a tsakiyar zango. Ya ce na je na huta, na sake tunani kan sauran lambobin, zuwa Litinin.

Ba zan tuna ba ranar Litinin. Na gaya wa Antinki, ta ce to.

An mayar da Farfesa bakin aiki da rana, layi na uku. Ya zo ta tagata, ya ɗan tsaya, ya wuce.

In kin je wurin Inna ki duba mini ɗakin baya, ko har yanzu tarkace ne a ciki, ko rufin yana zuba, ko zai ɗauki mutum shida. Kada ki gaya mata dalili tukuna.

Allah ya tsare ki.

Yayanki